Jirgi ɗaya, suna huɗu: yadda doka da kuɗi suka juya rayuwar Maiden

A duniyar tseren teku, jirgi yakan tsufa tun jikinsa na da ƙwari. Ana ƙera shi ne don gasa ɗaya, a ƙarƙashin doka ɗaya, da kuɗin kamfani ɗaya. Da an gama gasar, masu doka su sake zama, masu zane su fito da sabon salo, kamfani ya kwashe tallarsa ya yi gaba, sai jirgin da jiya ake rububin ɗaukarsa hoto ya zama kaya. Daga nan rayuwarsa takan bi hanyar da muka sani ta Fijo 504: daga hannun babban mutum zuwa ɗan kasuwa, daga nan a shiga haya da ita, ƙarshe a tarar da ita bakin gareji a kan duwatsu ana cire mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ake kira Maiden ya bi wannan hanya har ƙarshenta, sau biyu ma kuwa, kuma duk lokacin sai a dawo da shi fagen fama. Wanda ya bi diddigin yadda hakan ta faru zai fahimci abin da ke tafiyar da wannan wasa gaba ɗaya.

Da farko ya kamata a san irin jirgin da ake magana a kai. Tsawonsa ƙafa 58 ne, wato kusan mita 18, bai kai tirela biyu a jere ba. Akwai inji a ciki, amma haramun ne a tura jirgin da shi lokacin gasa. Iska ce kaɗai ke tafiyar da shi, ta hanyar filafilai, manyan ƙyallaye masu ƙarfi da ake ɗagawa a jikin dogon jigon da ke tsaye a tsakiyar jirgin. A ƙarƙashin ruwa kuma akwai wani faffaɗan ƙarfe mai tsananin nauyi da ke rataye a cikinsa, shi ke hana iska kifar da shi, shi ke kuma ba shi damar yanka iska a karkace. Duk wata dabara ta mai zane tana tsakanin waɗannan abubuwa uku ne: tsawon jiki, faɗin filafilai, da nauyi. Dogon jirgi ya fi gajere gudu, wannan hukuncin ruwa ne, babu mai ja da shi.

Shi ya sa masu tsere suka ƙirƙiro lissafin rangwame. Idan aka bar abin a kan wanda ya fara isowa, to mai kuɗin ƙera jirgi mafi girma ne zai riƙa lashewa kullum. Don haka sai a auna kowane jirgi, a ba shi lamba, a gyara lokacinsa da ita: babba a ƙara masa, ƙarami a rage masa. A gasar zaga duniya ta farko da kamfanin giya na Whitbread ya ɗauki nauyi, wadda jirage 17 suka tashi daga Portsmouth ta Ingila a 1973, jirgin sojojin Birtaniya Great Britain II ya gama cikin kwana 144. Jirgin wani attajiri ɗan Meziko, Ramón Carlín, mai suna Sayula II, ya ci kwana 152. Da aka yi lissafi sai lokacin Sayula II ya koma kwana 133, aka ba shi kofi. Mutum uku sun rasa rayukansu a wannan gasa. Mai karatu ya riƙe wannan zance na lissafi, domin shi ne ƙashin bayan labarin.

Dokar aunawar da ake amfani da ita a lokacin, wadda ake taƙaita sunanta da IOR, ta fara aiki ne wajajen 1970. Kamar kowace doka, da fitowarta masu wayo suka shiga neman ɓaraka. Tun da a wasu keɓaɓɓun wurare ake ɗora awo a jikin jirgi, sai masu zane suka riƙa kumbura tsakiya suna tsuke goshi da baya, don takarda ta nuna jirgin bai da gudu alhali yana da shi. An samu jiragen da ke da kyau a lissafi amma masu wuyar sarrafawa idan iska ta biyo su ta baya, suna tangaɗi hagu da dama. Bruce Farr, wani matashi ɗan Niyu Zilan da ya taso yana ƙera ƙananan kwale-kwalen tsere a Auckland, ya zo da wani tunani dabam: a rage nauyi, a buɗe bayan jirgi, a bar shi ya riƙa sulɓi a kan igiyar ruwa maimakon ya riƙa huda ta. Shi ya zana jirgin da muke magana a kai, aka ƙera shi da alminiyum a 1979.

Wanda aka ƙera wa shi ne Pierre Fehlmann, ɗan ƙasar Suwizalan, ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, kamar dai Nijar. A tabkin Geneva ya koyi tuƙi. Ya sa wa jirgin suna Disque d'Or III, ya shiga gasar Whitbread ta 1981 zuwa 1982 da shi, ya zo na huɗu a lissafi cikin jirage 29. Wanda ya lashe shi ne Conny van Rietschoten na Holan da jirginsa Flyer, wanda ya fara isowa kuma ya ci a lissafi. Na huɗu ba abin kunya ba ne, amma Fehlmann ya gane inda wasan ya dosa. Kamfanonin da ke zuba kuɗi ba ruwansu da lissafi, so suke a ga tambarinsu a jikin jirgin da ya fara shigowa tasha ana ta ɗaukar hoto. Ya koma wajen Farr aka ƙera masa ƙato mai ƙafa 80, ya rabu da wannan.

Suna na biyu, Stabilo Boss, sunan alƙalamin nan ne mai haska rubutu. Bertie Reed, tsohon sojan ruwan Afirka ta Kudu, shi ya tuƙa shi a gasar BOC ta 1986 zuwa 1987, wadda mutum ke zaga duniya shi kaɗai. A tsaya a nan a yi tunani: jirgin da aka tsara don mutum goma ko fiye su riƙa jan igiyoyinsa, shi ne mutum guda ya ɗauka, shi ne matuƙi, shi ne kuku, shi ne makaniki, barcinsa minti-minti. Reed ya gama, ya zo na bakwai a rukuninsa. Wanda ya ci, Philippe Jeantot na Faransa, jirginsa an ƙera shi ne musamman don mutum ɗaya. Ƙarfin hali bai iya rufe wannan giɓi ba. Bayan gasar jirgin ya koma hannun wani, aka sake masa suna Prestige, ya zauna a tashar Cape Town yana lalacewa.

A nan Tracy Edwards ta shigo. Baturiya ce, an haife ta a 1962, an kore ta daga makaranta tana da shekara 15, ta shiga yawon duniya tana aikin hidima a jiragen shaƙatawa na masu kuɗi. A gasar Whitbread ta 1985 ta samu gurbi a jirgin Atlantic Privateer a matsayin mai dafa abinci, domin kusan nan ne iyakar inda ake barin mace. Ba ita ce mace ta farko a gasar ba. Clare Francis ta ja ragamar wani jirgi a 1977 har ta zo ta biyar, amma yawancin ma'aikatanta maza ne. Edwards ta ƙudura cewa za ta haɗa ayari na mata zalla. Ta bi kamfanoni ɗaruruwa, kowa ya ce a kai kasuwa. Hujjarsu a fili take: idan jirgin ya nutse da mata goma sha biyu, tambarin wa za a gani a jarida? Sabon jirgi ya gagara, sai ta jinginar da gidanta ta sayi Prestige. Aka loda shi a jirgin dakon kaya zuwa Ingila, ita da matan da ta tara suka kwance shi da hannunsu, suka sake haɗa shi, suka sa masa suna Maiden. Wannan rashin kuɗi daga baya ya yi musu rana, domin babu famfo ko waya ko kusa a jirgin da ba su san inda take ba.

Kuɗin shiga gasar kuwa daga inda ba a zata ba ya fito. A 1985, tana aiki a wani jirgin haya a gaɓar Amurka, baƙon da aka ɗauko ashe Sarki Husaini na Jodan ne, mutum mai sha'awar tuƙin jirgin sama da rediyo. Hira ta haɗa su, suka ci gaba da zumunci. Da ƙofofi suka rufe, sarkin ya sa kamfanin jiragen saman ƙasarsa, Royal Jordanian, ya ɗauki nauyin tafiyar, aka yi wa Maiden fenti ruwan toka da ratsin ja da ruwan zinare irin na jiragen kamfanin. Abin lura ne cewa duk kamfanonin Birtaniya sun noƙe, sai sarkin Larabawa Musulmi ne ya tsaya wa jirgin mata. Masu ba da labarin a Turai sukan ambaci wannan su wuce, alhali ba don shi ba da jirgin bai bar tasha ba.

An tashi daga Southampton ranar 2 ga Satumba, 1989, jirage 23, Edwards na da shekara 26. Wasu 'yan jarida har caca suka yi a kan inda matan za su tsaya su juyo. Gasar ta wannan shekara ta sha bamban da na baya ta fuska biyu. Na ɗaya, an raba jiragen rukuni-rukuni bisa girmansu, babban kofi kuma na wanda ya fi kowa sauri ne. Na biyu, an cire Cape Town daga hanya saboda ƙaurace wa mulkin wariyar launin fata, sai hanyar ta zama zango shida: Punta del Este a Yurugwai, Fremantle a Ostireliya, Auckland, a koma Punta del Este, Fort Lauderdale a Amurka, sannan gida. Jimilla sama da mil 32,000 na teku, kowane mil ɗaya mita 1,852. Siyasar Afirka ta Kudu ce ta haifar da zango na biyu, mai tsawon mil 7,000 da ɗoriya ba tsayawa, a mafi munin ruwan da ke doron duniya.

Me ya sa ake bi ta can? Daga Turai jirage kan gangaro ta tsibiran Kanari da Kef Bad, a yammacin Senegal, suna cin moriyar iskar arewa maso gabas, dangin wadda ke kawo mana hunturu. Kusa da tsakiyar duniya sai a faɗa wani yanki da iska ke ɗaukewa ɗif, jirgi ya yi kwanaki yana lilo a wuri ɗaya. Idan an tsallake aka yi kudu sosai, daga digiri 40 zuwa ƙasa, sai a shiga iskar yamma wadda ke zaga duniya ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba. Nan ne gudu yake, nan ne kuma igiyar ruwa ke kai tsayin bene. Akwai wata dabara kuma: tun da duniya dunƙulalliya ce, duk wanda ya ƙara yin kudu ya rage wa kansa nisa. Farashin shi ne tsaunukan ƙanƙara masu yawo, da sanyin da ke daskarar da igiya a hannu. Mai duba hanya kullum yana cikin wannan ciniki, nawa zan rage, nawa zan iya jurewa.

Edwards ce da kanta ke duba hanya, bayan ta rabu da mataimakiyarta Marie-Claude Kieffer makonni kaɗan kafin tashi, rigimar da ta kusa wargaza ayarin. A zangon farko sun zo na uku a rukuninsu, 'yan jarida suka ce ai sun yi ƙoƙari tun da sun iso da rai, su kuwa ransu a ɓace. A zango na biyu ta zaɓi ta yi kudu fiye da abokan hamayyarta. Rayuwa a jirgin a wannan yanki abu ne da ya kamata a hango da kyau. Ana aiki karɓa-karɓa dare da rana, wadda ta sauko ta faɗa gadon da wata ta tashi, da kayanta a jiƙe, domin babu abin da ke bushewa. Jikin alminiyum yana tara raɓa ta ciki, tana ɗiga a fuska. Abinci busasshe ne da ake zuba wa ruwan zafi. A goshin jirgi akan tsayar da mutum ɗaya, a ɗaure da igiya, tana leƙen ƙanƙara cikin duhu. Mai riƙe da sitiyari ba ta waiwaye, saboda ganin abin da ke tasowa a baya kan sa hannu rawa.

A wannan zango ne, cikin Nuwamba, igiyar ruwa ta share mutum biyu daga wani jirgin mai suna Creighton's Naturally. An tsamo su duka, amma Anthony Phillips bai farfaɗo ba. Na biyun, Bart van den Dwey, sanyi ya kusa gamawa da shi. Likitar Maiden, Claire Russell, ita ta zauna a bakin rediyo tana faɗa wa mutanen jirgin abin da za su yi masa mataki-mataki har ya dawo hayyacinsa.

Maiden ya shiga Fremantle na ɗaya a rukuninsa da rata mai yawa. Masu ƙorafi suka ce sa'a ce. Zango na uku gajere ne, na dabara, jirage na ganin juna; nan ma ya riga kowa shiga Auckland, inda dubban mutane suka fito tarbarsa cikin dare. Daga nan al'amura suka juya. A hanyar zagaya Cape Horn, ƙurewar kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, jirgin ya fara shan ruwa, aka koma kwarfa da famfo da bokiti, ratar da aka tara ta zube. Zangunan ƙarshe kuma iska ta yi rauni, abin da bai dace da shi ba. Sun iso Southampton ranar 28 ga Mayu, 1990, bayan kwana 167 a ruwa, na biyu a rukuninsu. Wanda ya doke su shi ne L'Esprit de Liberté na Faransa, ƙarƙashin Patrick Tabarly, ƙanen shahararren matuƙin nan Eric Tabarly.

Gaskiyar magana, ba Maiden ne tauraron gudu a wannan gasa ba. Peter Blake na Niyu Zilan da ƙaton jirginsa Steinlager 2, shi ma zanen Farr, ya lashe zanguna shida duka, ya gama cikin kwana 128. Fehlmann, mai jirgin na asali, ya zo na uku da sabon jirginsa Merit. Tsakanin Blake da Edwards akwai fiye da wata guda. Abin da matan suka tabbatar shi ne, a jirgi mai girma ɗaya da na maza, a ruwa ɗaya, za su iya riga su isowa, kuma sun yi haka sau biyu. Aka ba Edwards lambar gwarzon matuƙin shekara ta Birtaniya, karon farko da mace ta samu.

Yabo bai biya bashi ba, dole ta sayar da jirgin. Sannan doka ta sake juyawa. Manyan jiragen IOR sun yi tsadar da kamfanoni suka fara gudu, sai masu gasar suka fito da sabon samfuri mai ƙafa 60 a 1993, mara nauyi, mai tankunan ruwa da ake cikawa a gefe don daidaita shi. Zuwa 1997 shi kaɗai ake yarda da shi, kuma babu sauran lissafin rangwame: wanda ya riga, ya ci. A 2001 gasar ta koma ɗaukar sunan kamfanin Volvo, daga baya kuma jiragen suka koma na zaren kabon. Duk wani jirgi irin Maiden ya wayi gari ba shi da gasar da zai shiga. Ya yi ta sauya hannu har labarinsa ya ɓace. Ita ma Edwards ba ta tsira ba: a 1998 jigon jirginta ya karye a tekun kudu lokacin da take neman kafa tarihin zaga duniya ba tsayawa da wani ayarin mata, a 2005 kuma ta karye da bashi bayan wata gasa da ta shirya daga Doha.

A 2014 labari ya iso mata cewa Maiden na tsibirin Mahé a Seychelles, cikin tekun Indiya, mai shi ya watsar da shi. Alminiyum ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da nasa ciwon. Idan ya daɗe a ruwan gishiri kusa da wasu ƙarafa, ko wutar lantarki na zirarowa daga tasha, sai ya riƙa cinyewa a hankali, ramuka su fito kamar an yi masa zanzana. Sa'ar ita ce ana iya yanke inda ya ruɓe a yi waldar sabon falle, abin da ke da wuya ga jirgin katako da ya ruɓe har ƙashi. Zaɓin da aka yi a 1979 shi ya ba da damar ceto shi. An tara kuɗi ta intanet aka saye shi a 2016, aka sake loda shi a jirgin dakon kaya, ya iso Southampton a 2017. Sarki Husaini ya rasu tun 1999. 'Yarsa, Gimbiya Haya, ita ta ɗauki nauyin gyaran don tunawa da mahaifinta.

Gyara kaɗai ba ya raya jirgi, sai an sama masa aikin yi, domin kuɗin tasha da inshora da filafilai ba sa jira. Aikin da aka sama masa shi ne yawon duniya don tara kuɗin ilimin 'ya'ya mata, ƙarƙashin gidauniyar The Maiden Factor. Ya tashi a ƙarshen 2018, annobar korona ta tsayar da shi, ya ci gaba daga baya. Matar da aka kora daga makaranta ce ta sa jirgi yawon duniya tana roƙon a bar yara mata su yi karatu. Mu da muka san yawan 'yan matan da ke yawon talla lokacin da ya kamata suna aji, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ko jirgin tsere ne hanya mafi araha ta tara irin wannan kuɗi, wannan abin tambaya ne, ni dai ina da shakka. Amma yana jawo kyamara, kuma tun zamanin Fehlmann kyamara ce ke ciyar da irin waɗannan jirage.

Sai kuma doka ta sake waiwayo shi. Don McIntyre, wani ɗan Ostireliya mai shirya gasanni, ya lura cewa tseren zamani ya fi ƙarfin kowa sai ƙwararru da manyan kamfanoni. Don cikar shekara 50 da Whitbread ta farko, ya shirya Ocean Globe Race, ya rubuta mata dokar da ta mayar da hannun agogo baya: sai jiragen da aka zana kafin 1988, babu GPS, babu kwamfuta, wayoyin hannu a kulle cikin jaka da hatimi, kiɗa ma sai a kaset. Wanda ya karya hatimi a ci shi tarar sa'o'i. Hanya kuwa sai da taswirar takarda da na'urar da ake auna tsayin rana ko tauraro daga gefen sama, a haɗa da agogo da littafin lissafi a fitar da inda ake. In hadari ya rufe sama kwana uku, sai dai a ƙiyasta daga gudu da alƙibla. Da alƙalami ɗaya, jiragen da aka yi wa kallon tarkace suka zama su kaɗai ne suka cancanta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma fa sai da wani ya rubuta takardar maganin.

Jirage 14 suka tashi ranar 10 ga Satumba, 2023, zango huɗu: Cape Town, Auckland, Punta del Este, sannan Cowes a Ingila, kimanin mil 27,000. Maiden na hannun Heather Thomas, 'yar Birtaniya da ba a ma haife ta ba lokacin gasar 1989. Ayarinta mata ne daga ƙasashe dabam-dabam, ciki har da Vuyisile Jaca ta Afirka ta Kudu, Junella King ta Antigua, da Najiba Noori, mai ɗaukar hoto da ta tsere daga Afganistan bayan dawowar Taliban. Tsohon abokin hamayya ma ya hallara: jirgin da ya doke su a 1990 ya dawo da sunansa na da, L'Esprit d'Équipe. Akwai kuma Pen Duick VI mai ƙafa 73, jirgin Eric Tabarly na 1973, 'yarsa Marie ke tuƙa shi.

An dawo da lissafin rangwame, wannan karon da dokar IRC, wadda masu ita a Birtaniya da Faransa ke ɓoye sirrin lissafinta don kada masu zane su sake yi mata abin da suka yi wa IOR. Pen Duick VI ne ya fara isowa Cowes, ranar 11 ga Afrilu, 2024. Maiden ya shigo ranar 16, bayan kwana 153 a ruwa, a zangon ƙarshe har injin tace ruwan sha da janareta sun mutu, ruwan sama suke tara. Ko a nan ba a san wanda ya ci ba. Jirgin Italiya Translated 9, wanda ke gaba a lissafi har rabin gasar, jikinsa ya tsage bayan Cape Horn ya ratse tsibiran Falkland. Wani ƙaramin jirgin Faransa, Triana, na baya can, kuma lissafi ya nuna in ya iso kafin 22 ga wata kofin nasa ne. Iska ta ƙi ba shi haɗin kai. Wa'adin ya wuce yana cikin teku, aka bayyana Maiden a matsayin zakara, ayarin mata zalla na farko da ya ci gasar zaga duniya.

Ana iya jin muryoyi biyu a kan wannan nasara, kuma duka biyun sun zarce. Masu rainawa na cewa ai gasar tsofaffin jirage ce ta 'yan sha'awa, kuma Maiden bai riga kowa isowa ba. Haka ne, amma da wannan lissafi aka ba Sayula II kofi a 1974 da kwana 152, babu wanda ya ce bai ci ba. Kowa ya san dokar kafin a tashi, kuma a irin wannan tafiya rashin karyewa ma gwaninta ce: sanin lokacin da za a rage filafilai, da duba kowace igiya kafin ta tsinke. Masu zuzutawa kuma na magana kamar an doke duniya. A 2017 Francis Joyon da mutum biyar sun zaga duniya cikin kwana 40 da awa 23 a jirgi mai jiki uku. A farkon 2025 Charlie Dalin ya yi ta shi kaɗai, ba tsayawa, cikin kwana 64. Wannan wani aji ne dabam, na miliyoyin Yuro.

A wancan ajin kuwa tafiyar mata ta yi jinkiri fiye da yadda aka zata a 1990. A gasar Whitbread, wadda ta koma ta Volvo, an samu ayarin mata zalla a 1993, wanda Dawn Riley, ɗaya daga cikin matan Maiden, ta jagoranta, aka kuma samu a 1997 da 2001, sannan aka yi shiru har 2014. Sai da masu gasar suka sauya doka don zagayen 2017, suka ce jirgin da ya ɗauki mata za a bar shi ya ƙara yawan ma'aikata, kafin kyaftin-kyaftin suka fara neman su. A wannan zagaye ne Carolijn Brouwer da Marie Riou suka ci gasar a jirgin Dongfeng, a 2018.